Lissafin sabulu: tsakanin mai da soda, wa ke fara ƙarewa?

 

Ga kaka ta wuce, an ɓare gujiya, mata sun kama tuyar ƙuli-ƙuli, mai ya samu cikin gari. Wasu za su kai kasuwa, wasu za su aje na miya, wasu kuma za su yi sabulu da shi. Darasinmu na wanga karo na masu yin sabulu ne, da mazajensu, da duk wanda ƙungiya ta ɗora wa riƙon littafin kuɗi. Lissafi ne za mu yi, amma kada gaban kowa ya faɗi. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya san tarawa, da ɗebewa, da ninkawa, da rabawa. Ba mu bukatar abin da ya wuce su. Ku ɗauko allo da alli, ku bi ni sannu.

Bara, cikin zagayen da nake yi, na sauka wani gari inda ƙungiyar mata ta kwashe kuɗin asusu na wata biyu, sunka sayi lita 10 na man gujiya da kilo 2 na soda. Wata daga cikinsu ta ce a juye sodar duka don sabulu ya yi ƙarfi. Anka juye. Sabulu ya daskare da wuri, ya yi fari fat, yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Wadda ta fara wanki da shi, hannunta ya yi ja, fata ta saɓule tsakanin yatsu. Da na iso, maganar da ke bakinsu ita ce mai sayar da mai ya yi masu algus. Na duba man da ya rage cikin bido, na ce masu mai ba shi da laifi. Awo ne bai yi daidai ba. Abin da na zana masu a ƙasa ran nan, shi ne zan zana maku nan.

Tukunya ɗaya, duwatsu ukku

A ce ana biki, an kawo tukwane 10 da duwatsun murhu 12. Tukunya nawa za ta hau wuta? Kowace tukunya tana son duwatsu ukku. Mu raba 12 gida 3, mu samu 4. Tukwane 4 za su hau, 6 za su zauna a ƙasa suna kallo. Ku lura da kyau: duwatsu sun fi tukwane yawa, 12 ya fi 10, amma duk da haka duwatsu ne sunka fara ƙarewa. Ko an ƙaro tukwane ɗari, girki ba zai wuce murhu 4 ba, sai an ƙaro dutse.

Abin da ya fara ƙarewa, shi ke yanke yawan aikin. Za mu riƙa ce masa mai fara ƙarewa. Wanda ya saura kuma mu ce masa rara. A lise, cikin darasin haɗa sinadarai da ake kira shimi, wanga lissafi ya sha kayar da ɗalibai, don suna duba wanda ya fi yawa maimakon su duba abin da kowa ke bukata.

Sabulu haka yake. In an gauraya hatsi da yashi, ana iya rairaya a raba su, hatsi na nan hatsi, yashi na nan yashi. Amma in soda ta kama mai, dukansu biyu suna barin kamanninsu, abu biyu sabbi su fito: sabulu, da wani ruwa mai yauƙi da ake kira giliserin, wanda ke tausasa fata. Mai da soda duka ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayar mai ɗaya tana da hannuwa ukku, kowane hannu yana kama ƙwayar soda ɗaya. Ƙwayar mai ita ce tukunya, soda ita ce duwatsu. Wani masani na ƙasar Faransa mai suna Chevreul ne ya fayyace yadda mai da kitse ke juyewa su zama sabulu da giliserin, cikin littafin da ya fitar a 1823. Kakanninmu mata sun daɗe suna yin sabulun salo da ruwan toka ba su jira shi ba, amma awon da za mu yi yau daga irin aikinsa ya fito.

Ba a iya ƙirga ƙwayoyin nan ɗaya ɗaya, sai dai a auna su a sikeli. An gano ƙwayar man gujiya ta fi ƙwayar soda nauyi wajen sau 22. Wato yawan ƙwayoyin da ke cikin garam 40 na soda, shi ne yawan da ke cikin garam 880 na mai, don 40 sau 22 ya ba da 880. Tun da kowace ƙwayar mai tana son soda ukku, garam 880 na mai yana son 40 sau 3, wato garam 120 na soda. In sun haɗu, abin da ke fitowa shi ne garam 908 na sabulu da garam 92 na giliserin. Ku tara ku gani: 880 da 120 sun ba da 1000. 908 da 92 su ma sun ba da 1000. Abin da ya shiga tukunya, nauyinsa ne ke fitowa, ba ƙari ba ragi.

Garam 880 ba awon kasuwa ba ne, don haka mu maida shi kilo. In 880 na son 120, kilo ɗaya, wato garam 1000, yana son garam 136. Wanga adadi ku rubuta shi a bangon ɗaki: kilo ɗaya na man gujiya, garam 136 na soda.

Amma a kasuwa da lita ake sayar da mai, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, shi ya sa yake tasowa bisa miya. Lita ɗaya ta man gujiya wajen garam 910 ce. Saboda haka sodar da lita ɗaya ke iya cinyewa garam 124 ce, ba 136 ba. Wanda ya ɗauki lita a matsayin kilo ya riga ya zuba rarar soda tun bai fara motsawa ba.

Mu koma ga matan nan

Suna da lita 10. 10 sau 124 ya ba da garam 1240. Iyakar sodar da man nan ke iya kamawa ke nan. Su kuwa sun zuba garam 2000. Wa ya fara ƙarewa? Mai. Mu ɗebe 1240 daga 2000, saura garam 760. Garam 760 na soda tsura, wadda ba ta samu man da za ta kama ba, tana kwance cikin sabulun. Da ba ta samu mai cikin tukunya ba, sai ta jira hannun mai wanki, don fatar mutum ma tana da maiƙo. Shi ne ja da saɓulewar da anka gani. Da an yi wa jariri wanka da shi, da labarin ya fi haka muni.

Sabulu nawa sunka samu na gaskiya? Mai fara ƙarewa ake tambaya, ba rara ba. Kilo ɗaya na mai yana ba da wajen garam 1030 na sabulu. Lita 10 garam 9100 ne, wato kilo 9 da ɗan ɗori, sabulun ya kama wajen garam 9400. Rarar soda ba ta ƙara ko garam ɗaya na sabulu ba.

Ba mu zubar da shi ba. Mun raba 760 da 124, munka samu 6 da ɗan kaɗan. Wato sodar da ta saura tana neman lita 6 na mai. Sunka goge sabulun ya yi gari, da safar roba a hannu, anka sa masa ruwa kaɗan cikin tukunyar ƙarfe, anka ɗora a wuta marar ƙarfi, anka zuba lita 6 da rabi na mai ana motsawa har ya haɗe. Bai yi kyaun gani ba, amma ya yi wanki. Sai dai kuɗin lita 6 da rabin nan ba su cikin shirin ƙungiya, sai da anka ci bashi.

Yanzu mu juya misalin. A ce lita 10 ɗin nan, kilo ɗaya tak na soda anka samu. Ana son 1240, akwai 1000. Wanga karo soda ce mai fara ƙarewa. Mu raba 1000 da 124, mu samu 8. Lita 8 kaɗai za su zama sabulu, lita 2 su zauna mai. Irin wanga sabulu ba ya ƙona hannu, amma yana yin laushi, yana naso a takarda, ba ya kumfa sosai, in zafi ya yi kuma ya fara warin tsohon mai. Yawan sabulun kuma soda za a tambaya: garam 120 na ba da 908, kilo ɗaya na soda na ba da wajen kilo 7 da rabi. A ce lita jikka ɗaya da rabi take a kasuwarku, jikka ukku ke nan anka binne cikin sabulun da ba mai saye.

Ga hanyar a taƙaice. Ku ɗauki yawan man da ke hannunku, ku ninka da abin da yake bukata. Ku gwada amsar da sodar da ke hannunku. In sodarku ta fi amsar, mai ne zai fara ƙarewa, ku rage soda. In ba ta kai ba, soda ce za ta fara ƙarewa, ku rage mai ko ku ƙaro soda.

Wa ya kamata ya fara ƙarewa?

Wani zai ce: mai na da tsada, soda na da araha, gara a ƙara soda don kada ɗigon mai ya tafi banza. Ni ban yarda da wanga ba, kuma ina roƙonku kada ku yarda. Rarar mai kaɗan ba ta cutar kowa, tausasa jiki ma take yi. Rarar soda kuwa ciwo ce. Ga shi kuma sikelin kasuwa ba ya faɗin gaskiya har garam ɗaya, man bana ba daidai yake da na bara ba ƙwaya da ƙwaya. Don haka masu sana'a ke rage soda da gangan, kashi 5 cikin 100, don ita ce za ta fara ƙarewa ko da awo ya ɗan kauce. Kashi 5 cikin 100 na 124 wajen 6 ne. 124 a ɗebe 6, saura 118. Lita ɗaya ta man gujiya, garam 118 na soda. In sikelinku ba ya nuna ƙananan garam, ku tsaya ga 120 don sabulun wanki, kada ku wuce.

Wanda ba shi da sikeli fa? In kun samu soda cikin leda rufaffiya ta kilo ɗaya, ku yi aiki da ledar duka a kan lita 8 da rabi na man gujiya. In ƙungiya ce, wanga ya fi sauƙi. Abin da nake hana ku shi ne awon soda da gwangwanin tumatir. Akwai soda mai ɓarɓashi kamar ɓawon kifi, akwai mai ƙwaya kamar sukari, gwangwani ɗaya ba nauyi ɗaya yake ɗauka ba. Kuma soda tana shan raɓa daga iska. In an bar leda buɗe, sai ta jiƙe, ta dunƙule, ta yi nauyi, ƙarfinta ya ragu. Sikeli zai ce 118, amma wani kashi ruwa ne. A ɗaure bakin leda da kyau, a sa ta cikin roba mai marfi.

Kowane mai da cikinsa

Adadin 136 na man gujiya ne kaɗai. Ga abin da kilo ɗaya na sauran ke bukata, kafin a rage kashi 5: man riɗi wajen garam 133, man kaɗe 128, man dogon yaro 139, kitsen shanu 140, manja 142, alayyadi wajen 175.

Me ya sa alayyadi ke cin soda haka? Ƙwayoyinsa ƙanana ne. Tiya ɗaya ta hatsi ta fi tiya ɗaya ta wake yawan ƙwaya, ko ba haka ba? To, kilo ɗaya na alayyadi ya fi kilo ɗaya na man gujiya yawan ƙwaya, kowace kuma da hannuwanta ukku. Man kaɗe kuwa yana da wani kashi da soda ba ta kamawa sam, shi ya sa bukatarsa ta yi ƙasa. Wadda ta saba da awon alayyadi, ran da ta koma man gujiya ba ta sake lissafi ba, za ta ƙona hannun mutane.

Man gujiya shi kaɗai yana ba da sabulu mai ɗan laushi, kumfarsa ba yawa. In an haɗa shi da kitse ko manja ya fi tauri, alayyadi kuma na ƙara kumfa. In kun gauraya, kowane mai a yi masa lissafinsa daban, sannan a tara. Misali, kilo 3 na man gujiya, kilo 1 na man kaɗe, kilo 1 na kitse narkakke tatacce. Na gujiya, 3 sau 136, 408. Na kaɗe 128. Na kitse 140. Jimla 676. Kashi 5 cikin 100 na 676 wajen 34 ne. Soda garam 642 za a auna.

Ruwan toka na karan hatsi, wanda iyayenmu ke yin sabulun salo da shi, ɗan uwan soda ne, sai dai ba a san ƙarfinsa da sikeli, yau ya yi kauri gobe ya tsinke. Shi ya sa tsofaffi ke ƙara mai kaɗan kaɗan bisa wuta suna dubawa. Lissafinmu bai shafe shi ba. Kanwa ma ba soda ba ce, kada a musanya su.

Sabulu nawa za a kai kasuwa?

Ruwa ba ya cikin masu kama juna, aikinsa ya narkar da soda don ta isa ga mai. Ana sa ruwa nauyin soda sau biyu da rabi. Mu ɗauki lita 5 na man gujiya don sabulun wanki. Mai garam 4550. Soda 5 sau 120, garam 600. Ruwa 600 sau biyu da rabi, garam 1500, wato lita ɗaya da rabi. Mu tara: 4550 da 600 da 1500, garam 6650. Shi ne nauyin da za a zuba cikin akwati, don a sabulun da ba a dafa ba giliserin yana zama ciki. Bayan kwana ɗaya ko biyu a yanka, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa, sati 4 zuwa 6. Wani kashi na ruwan zai bushe, a tashi da wajen kilo 6 ko ƙasa kaɗan. In kowane yanki garam 200 ne, yanki 30 ke nan. Mai riƙon littafi ya tara kuɗin mai, da soda, da turare in an sa, ya raba da 30, ya san kuɗin da yanki ɗaya ya ci kafin a yanke farashi. A yi wanga lissafi tun ba a sayi mai ba. Wata shekara man gujiya na tsada har sayar da shi mai ya fi maida shi sabulu riba, kuma allo ne zai gaya maku.

Manomi zai ga wanga magana ba baƙuwa ba ce. Gonakinmu na jigawa sun fi ƙarancin fosfat. In shi ne ya fara ƙarewa, ko an zuba buhun ire bisa buhu, hatsi ba zai biya kuɗin takin ba. Sai dai gona ba ta auno daidai kamar tukunya, don ruwan sama ma yana da bakin magana. Za mu komo kanta kafin shibka.

Soda ba abar wasa ba ce

Soda ake zubawa cikin ruwa, kaɗan kaɗan, ana motsawa da muciya. Ba a zuba ruwa bisa soda, tana iya tafasa ta fantsamo fuska. Ruwan zai yi zafi ƙwarai da kansa ba wuta, yana hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, don haka a waje ake yi, a ba iska baya. A bar shi ya huce kafin a zuba cikin mai. A sa safar roba, da tabarau, da riga mai dogon hannu. A yi aiki da roba mai kauri ko tukunyar ƙarfe. Tukunyar alminiyo da ake zubi a kasuwa, soda na cin ta, kada a kusanta. Muciyar sabulu kuma ba ta komawa tuwo.

In ta taɓa fata ko ta shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta ba tsayawa, minti 15 zuwa 20, sannan a tafi gidan likita. Babban haɗari shi ne yara. Ruwan soda fari ne garau kamar ruwan sha, ba shi da wari in ya huce. Yaron da ya kurɓa, maƙogwaronsa na ƙonewa, wani har ya kasa haɗiyar abinci bayan ya warke. Kada a aje shi cikin kwalbar lemo ko kwanon sha, kada a bar shi a tsakar gida a tafi ɗaukar wani abu. In tsautsayi ya faɗa, kada a sa yaron amai, don sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi. A kai shi likita nan take, a gaya masu soda ce ya sha.

Ga aiki

Na farko: wata tana da lita 6 na man gujiya da garam 500 na soda. Wa zai fara ƙarewa, kuma me ya kamata ta yi? Na biyu: wani yana da kilo 4 na manja, da kilo 2 na kitse, da leda ɗaya ta soda mai kilo ɗaya. Garam nawa zai auna, nawa zai saura cikin leda? Ku rufe sauran shafin da hannu, ku yi a allo tukuna.

Amsar na farko: 6 sau 124, 744. Tana da 500, soda ce mai fara ƙarewa. In ta juye duka, lita 4 ne za su zama sabulu, lita 2 su lalata shi. Ta raba 500 da 118, ta samu lita 4 da kwata. Shi za ta zuba, sauran man ta aje na miya. Amsar na biyu: manja 4 sau 142, 568. Kitse 2 sau 140, 280. Jimla 848. A rage kashi 5, wato 42, saura 806. Garam 194 zai saura, ya ɗaure bakin leda.

Na ukku ba zan ba da amsarsa yau ba. Ƙungiya ta sayi bido mai lita 20 na man gujiya, tana son sabulun wanka, yanki mai garam 200. Soda garam nawa, ledar kilo nawa za a saya, ruwa lita nawa, kuma nauyin da za a zuba cikin akwati nawa ne? Ku yi shi tare ranar taron ƙungiya, ku ba malamin yaƙi da jahilci ko malamin gona na yankinku ya kawo mana. Za mu karanta amsar a rediyo cikin shirin manoma, mu kuma buga ta a fitowa ta gaba.